Darasi na Goma Sha Biyu: Yadda Ake Kallon Hoto a Allon Umarni

Yawancin mutane sun saba da kwamfuta mai tebur. Da zarar an kunna ta, sai ƙananan alamomi su bayyana a fuskarta. Mutum ya kama linzami, ya kai kibiya kan fayil, ya danna sau biyu, hoto ya buɗe. Amma akwai kwamfutoci da yawa waɗanda ba su da wannan tebur. Idan an kunna su, baƙin allo kawai ake gani, da ɗan farin rubutu, da wata 'yar alama tana ƙyaftawa. Wannan shi ake kira allon umarni. A nan babu kibiya, babu taga. Duk abin da mutum yake so, sai ya rubuta shi da madannai. To, idan akwai hoto a cikin irin wannan kwamfuta, yaya za a gan shi? Wannan ita ce tambayar da darasinmu zai amsa.

Asalin allon umarni

Allon umarni ya girmi tebur. A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikin manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. A lokacin, ana magana da kwamfuta ne ta wata na'ura mai kama da tafireta. Mutum ya buga umarni, kwamfuta ta buga amsa a kan takarda. Daga baya aka maye gurbin takarda da allo mai haske. A shekarar 1978 kamfanin DEC ya fito da wani sanannen allo mai suna VT100. Yana nuna layi 24, kowane layi kuma yana ɗaukar harafi 80. Har yau wannan ma'auni yana nan, domin tagogin umarni da yawa da shi suke buɗewa.

A shekarar 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. Linux ta bi tsarin Unix, ta kuma gaji allon umarni. Umarnan da za mu gani a wannan darasi duk na Linux ne.

Me ya sa har yanzu ake amfani da shi?

Dalili na farko shi ne tattali. Tebur yana cin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana kuma rage mata sauri. Saboda haka ba a cika sa shi a uwar garke ba, wato babbar kwamfutar da take yi wa sauran kwamfutoci hidima. Haka nan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a shekarar 2012, tana da nau'in manhaja marar tebur. Dalili na biyu shi ne nisa. Injiniya yakan zauna a ofis ya sarrafa kwamfutar da ke wani gari, kuma rubutu ya fi hoto saurin tafiya a intanet. Dalili na uku shi ne matsala. Wani lokaci tebur yakan lalace ya ƙi buɗewa, sai allon umarni kaɗai ya rage.

A irin wannan hali, ganin hoto yana da muhimmanci ƙwarai. A ce kwamfutar makaranta ta cika, ana so a goge wasu fayiloli. Sunayensu lambobi ne kawai, irin waɗanda kyamara take bayarwa. Wani hoton banza ne, wani kuwa hoton takardar shaidar ɗalibi ne. A allon umarni babu kwandon shara. Umarnin gogewa, wato rm, ba ya ajiye fayil a gefe don a dawo da shi. Don haka dole ne a ga hoto kafin a yanke hukunci a kansa. Hausawa suna cewa gani ya kori ji.

Mene ne fayil ɗin hoto?

Ku dubi tabarma mai launi. Daga nesa za ku ga zane guda, amma idan kun matso za ku ga ƙananan gidajen saƙa, kowane da launinsa. Haka hoton kwamfuta yake. An yi shi da ƙananan ɗige-ɗige da aka jera layi-layi. Kowane ɗigo yana da lambobi uku: na ja, na kore da na shuɗi. A yawancin hotuna, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Idan duk ukun 0 ne, ɗigon baƙi ne. Idan duk 255 ne, fari ne. Idan ja da kore sun kai 255, shuɗi kuma 0, sai a sami launin rawaya.

Hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080 yana da ɗigo 2,073,600. Wannan adadi yana da yawa, shi ya sa ake matse lambobin kafin a adana su. Akwai tsarin matsewa iri-iri. GIF ya fito a 1987, JPEG a 1992, PNG kuma a 1996. Ke nan fayil ɗin hoto tarin lambobi ne da aka matse. Idan mutum ya buɗe shi kamar rubutu da umarnin cat, zai ga alamomi marasa ma'ana sun cika allo. Wani lokaci ma allon yakan rikice, sai an rubuta reset kafin ya daidaita. Ana bukatar manhajar da za ta warware lambobin, sannan ta nemi hanyar nuna su. Hanyoyi huɗu ne aka fi bi.

Hanya ta farko: tambayar fayil

Kafin a kalli hoto, yana da kyau a san ko wane iri ne. Sai a rubuta:

file hoto.jpg

Wannan umarni ba ya dogara da sunan fayil. Yana karanta lambobin farko na cikinsa, domin kowane tsari yana da alamarsa a can. Daga nan zai faɗi ko JPEG ne ko PNG, da faɗinsa da tsayinsa. Wannan hanya ba ta nuna hoton, amma tana hana ɓata lokaci. Idan wani ya sa wa fayil sunan hoto alhali ba hoto ba ne, a nan za a gane.

Hanya ta biyu: zane da haruffa

Allon umarni haruffa ya sani. To, sai a zana hoton da haruffa. Manhaja takan raba hoton gida-gida, ta auna hasken kowane gida, ta zaɓar masa harafin da ya dace. A kan baƙin allo, alamar @ tana cika gidanta, saboda haka tana wakiltar wuri mai haske. Aya tana wakiltar wuri mai ɗan duhu. Gidan da aka bari fanko kuwa baƙi ne. Manhajar jp2a tana yin wannan aiki:

jp2a --width=80 hoto.jpg

Bari mu yi lissafi. Layi 24 sau harafi 80 ya ba da gida 1,920. Idan an raba ɗigo 2,073,600 a kan gida 1,920, kowane harafi zai tsaya a madadin ɗigo 1,080. Shi ya sa hoton yakan fito dishi-dishi. Za a iya bambanta mota da bishiya, amma ba za a iya karanta ƙananan rubutu ba. Duk da haka, da babu gara ba daɗi.

Wata manhaja mai suna chafa ta fi wannan gwaninta. Tana amfani da launuka da kuma alamomi masu siffar tubali. Ɗaya daga cikinsu tana cika rabin gida na sama, ta bar rabin ƙasa. Idan aka ba sama launi ɗaya, ƙasa launi dabam, gida guda ya zama ɗigo biyu. Ta haka hoton yakan ƙara fitowa.

Hanya ta uku: rumbun ɗigo

Haruffan da muke gani a allo su ma da ɗige-ɗige aka yi su. A ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani sashe da yake riƙe launin kowane ɗigo na allo. Za mu kira shi rumbun ɗigo. Duk lambar da aka zuba a ciki, nan take za ta bayyana a allo. A Linux, wannan rumbu yana da suna kamar fayil, wato /dev/fb0. Manhajar fbi tana warware hoto ta zuba shi kai tsaye cikin rumbun, ba tare da taimakon tebur ba. A Debian da Ubuntu ana saka ta, sannan a kira ta, kamar haka:

sudo apt install fbi

fbi -a hoto.jpg

Harafin a yana sa hoton ya daidaita da girman allo. Alamar + tana ƙara masa girma, alamar - tana rage shi, harafin q kuma yana rufe manhajar. A wannan hanya hoton yakan fito sarai, da cikakken launinsa.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, allon dole ya kasance haɗe da kwamfutar, kuma a kasance a ainihin allon umarni. A kwamfuta mai tebur, akan isa can ta danna Ctrl da Alt da F3 tare. Na biyu, sai mai amfani yana da izini. Yawanci ana ba da izinin ne ga waɗanda ke cikin rukunin da ake kira video.

Hanya ta huɗu: idan kwamfutar tana nesa

Wanda ya shiga uwar garke daga nesa da umarnin ssh ba zai amfana da rumbun ɗigo ba. Dalili kuwa, hoton zai bayyana ne a allon can, ba a gabansa ba. Yana da zaɓi uku. Zai iya zana hoton da haruffa, domin haruffa 1,920 ba su wuce kilobayit biyu ba. Zai iya kwaso fayil ɗin zuwa kwamfutarsa da umarnin scp, ya buɗe shi yadda ya saba. Wannan ya fi cin data, amma yana ba da cikakken hoto. Zaɓi na uku shi ne tsarin Sixel na kamfanin DEC. A wannan tsari, kowane harafi da aka aika yana ɗauke da ɗigo shida a tsaye. Tagar umarnin da ta san tsarin za ta harhaɗa su ta nuna hoto na gaske. Sai dai ba kowace taga ce ta san shi ba.

Saboda haka zaɓin hanya ya dogara da tambayoyi biyu. Shin ina gaban kwamfutar ko ina nesa da ita? Shin ina so in gane hoton ne kawai, ko ina so in karanta abin da ke cikinsa? Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi zai san umarnin da zai rubuta, kuma ba zai goge fayil da ka ba.

Sababbin kalmomi

ƙyaftawa: bayyana da ɓacewa da sauri, kamar buɗe ido da rufewa.
tattali: amfani da abu ba tare da ɓarna ba.
dishi-dishi: ganin da bai fita sosai ba.
fanko: wurin da babu komai a cikinsa.
rumbu: wurin adana hatsi, a nan, wurin adana lambobi.
sarai: sosai, ba tare da shakka ba.
da ka: ba tare da bincike ba.

Nahawu

Ku lura da waɗannan jimloli: "An kunna ta." "Ana matse lambobin." "Akan isa can." "Za a gane." A cikinsu ba a ambaci wanda ya yi aikin ba. Hausa tana amfani da an, ana, akan da za a idan aikin ne ya fi muhimmanci, ba mai yin sa ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin tebur da allon umarni?
2. Kawo dalilai uku da suka sa har yanzu ake amfani da allon umarni.
3. Wane launi ake samu idan ja da kore da shuɗi duk sun kai 255?
4. Me ya sa hoton da aka zana da haruffa yake fitowa dishi-dishi?
5. Faɗi sharuɗɗa biyu na amfani da manhajar fbi.
6. Bayyana ma'anar karin maganar "da babu gara ba daɗi" kamar yadda aka yi amfani da ita a darasin.

Aikin gida

Ka nemo jimloli biyar daga darasin waɗanda ba a ambaci mai aiki a cikinsu ba. Sannan ka sake rubuta kowace jimla, ka sa "injiniya" ya zama mai aikin.