Karen da Ke Riga Ladan Tashi

Abin yakan soma ne a dare na biyu ko na uku. Magidanci a Matameye, a ce mushen lakwal ne ko mai shago a bakin hanyar Dan Barto, ya karɓo kare daga hannun wani makiyayi da ya sauko daga arewa: dogo, siriri, ja kamar ƙasar jigawa, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ranar farko karen ya lafe a gindin rumbu, ko ruwa bai yarda ya sha a gaban mutane ba. Sai ga shi ƙarfe huɗu na dare, tun ladan bai yi gyaran murya ba, ya fara wani siririn kuka, yana zarya tsakanin zaure da ƙofar ɗaki, yana kartar ƙyaure da farce. Jariri ya farka, uwargida ta yi tsaki, maigida ya fito da tocila ya jefa masa ƙanzon tuwo don a samu lafiya. Karen ya ci, ya yi shiru. Washegari kuma ƙarfe huɗu saura kwata ya tashi.

Wanda bai san dangin wannan kare ba sai ya ce taurin kai ne, ko kuma an sayar masa da mai tabin hankali. Ba ko ɗaya. Karnukan da Hausawa ke ce wa karen Buzaye sun samo sunansu na duniya, Azawak, daga kwarin nan da ya ratsa arewa maso yammacin Nijar ya shiga Mali, ƙasar Abalak da Cintabaradan. Abzinawa na kiransa oska. Namiji yakan kai tsawon santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kuwa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, wato ƙashi da jijiya ne kawai. Da ido yake farauta, ba da hanci ba, kuma in ya miƙe bayan zomo yakan wuce kilomita 60 a awa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuma ta ba shi cikakken matsayi a 2019. Yawancin karnukan farauta da ake gani a ƙasar Kance da Magarya ba tsantsar wannan jini ba ne, amma ƙirar jikin da halin ba su yi nisa ba.

A mashekarin makiyaya aikinsa biyu ne: gadi da dare, farauta da sanyin safiya. Can ana tatsar nono tun gari bai waye ba, kuma a lokacin ne kare ke samun rabonsa na nono da gero. Zomo ma da duku-duku da kuma magariba yake fita kiwo. Karen da ya shekara biyu a wannan tsari, agogonsa na cikin cikinsa. An canza masa gari, ba a canza masa agogo ba.

Turawa ma na fama da irin wannan kuka, da ɗan'uwansa da suke kira greyhound. Tun 1926 ake tseren waɗannan karnuka a Ingila, inda aka fara a filin Belle Vue na birnin Mancesta. Idan kare ya gama zamaninsa, yana ɗan shekara uku zuwa biyar, sai a nema masa gidan riƙo. Da jama'ar jihar Fulorida ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar hana tseren a 2018, aka rufe filayen kafin ƙarshen 2020, ɗimbin karnuka sun koma gidajen mutane. Ƙorafin da sababbin iyayen gidan suka fi yi shi ne wanda mushen Matameye ke yi: kare mai sanyin hali, mai kwana wuni guda a kan shimfiɗa, amma da sassafe sai ya tayar da kowa, domin a gidan tsere da safe ake buɗe masa keji ya fita ya yi bawali, a kuma ba shi abinci. Bambancin kawai, Bature na son ya kai ƙarfe bakwai ko takwas yana kwance. Ba'amatameye kuwa ba ya neman haka. Shi dai a bar shi ya kai kiran sallah, in ya dawo daga masallaci kuma ya ɗan runtsa kafin lakwal ko kasuwa.

Akwai abin da ya kamata mai kare ya sani game da barcin kare, don ya daina ɗora wa kansa aikin da ba zai yiwu ba. Kare ba ya yin dogon barci guda irin na mutum. Wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Adams da Johnson, sun sa wa karnuka ido da dare, suka wallafa sakamakon a 1993: cikin awa takwas, kare kan yi barci ya farka kusan sau 23, minti 16 yana barci, minti biyar ido biyu. Ashe kenan karen mushe ya farka ƙarfe ɗaya, ya farka ƙarfe biyu da rabi, ya sake kwantawa ba wanda ya ji. Ba a iya hana shi farkawa. Abin da ake iya gyarawa shi ne farkawar da ya ɗauka a matsayin wayewar gari.

A nan ƙanzon tuwon nan ya yi ɓarna. Kare dabba ce mai lissafin riba: ya yi kuka, ƙofa ta buɗe, abinci ya faɗo. Darasi ya zauna tun a daren farko. Ko tsawa aka daka masa, ya samu wani abu, domin wanda yake nema ya fito ya kula shi. Mafi muni shi ne gidan da yau a yi biris da shi, gobe a gaji a fito. Masana halin dabbobi sun daɗe da nuna cewa ladar da ke zuwa jefi-jefi ta fi wadda ke zuwa kullum kafa ɗabi'a, kamar yadda mai caca ba ya barin tebur saboda cin da ya taɓa yi. Sannan ranar da aka yanke shawarar daina biya, kukan ƙaruwa yake yi kafin ya ragu. Dare biyu ko uku karen zai ƙara murya, ya ƙara karta, yana gwada ko an yi kuskure ne. Galibin mutane a nan suke karaya, su ce dabarar ba ta ci ba, alhali tana gab da ci. Saboda haka kafin a fara, gara maigida ya shaida wa uwargida da yara, ya kuma leƙa maƙwabcin da suka haɗa danga ya ba shi haƙuri na mako guda.

Gidan Bahaushe yana da wata matsala da littattafan Turawa ba su san da ita ba: ana tashi sau biyu. Akwai tashin sallah, akwai tashin hidima. Kunnen kare kuma yana kama abin da na mutum ba ya kamawa, don haka ƙarar buta, da jan takalmi, da kukan ƙyaure, duk sun zame masa ƙararrawa. Ga shi asubar kanta ba a wuri ɗaya take tsaye ba. A Matameye takan faɗo wajen biyar saura kwata a farkon damina, ta koma bayan biyar da rabi a tsakiyar hunturu. Da azumi kuwa gida kan cika da motsi da ƙamshin sahur tun kafin hakan. Karen da aka saba ciyarwa da zarar mutum ya motsa, zai yi ta gaba da lokaci, yana ƙoƙarin riga motsin.

Maganin shi ne a raba tashin farko da duk wani alheri. Maigida ya fito, ya yi alwala, ya wuce masallaci ba tare da ya dubi karen ba, ba magana, ba shafa kai. In akwai buƙatar a sake shi ya je ya yi bawali, a sake shi shiru, a mayar da shi shiru. Sai a zaɓi wata alama guda wadda ba ta faruwa sai da hantsi ya kusa, a ɗaura abincinsa a kanta: a ƙwanƙwasa kwanonsa sau uku, ko a yi wani fito na musamman. Kullum alamar ta riga abinci, kuma kada a yi ta sai karen yana kwance shiru, ko da shirun na ƙiftawar ido ne. Cikin ƴan kwanaki zai gane cewa buta ba tasa ba ce, kwano ne nasa.

Ba a tsallakawa daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai a dare ɗaya. Idan ya saba ci ƙarfe huɗu, a fara da huɗu da minti goma, a riƙe haka kwana biyu ko uku, a ƙara goma ko sha biyar. Lissafin ba wuya: mai son matsar da awa biyu, yana ƙara kwata duk kwana uku, zai ci kwana 24. Wanda ya ga abin ya yi tsawo, ya tuna cewa karen ya fi shekara yana koyon tsohon lokacin.

Rabin aikin kuma da yamma ake yinsa. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma babu wanda maganar ta fi dacewa da shi kamar karen da ya wuni a ɗaure a turke, ya bingire tun magariba. Wannan jiki an gina shi ne don gudu mai tsanani na ɗan lokaci. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, a fita da shi bayan gari cikin gonakin gawo da aka girbe, a bar shi ya zazzage ƙarfinsa. Sabon kare dai a riƙe shi da doguwar igiya har ya san muryar mai shi, domin da ya hango kaza ko ɗan akuya a guje, kira ba ya dawo da shi, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi ta rashin barci. Kada a ciyar da shi gab da gudu ko da dawowarsa yana haki: karnuka masu zurfin ƙirji sun fi saurin kamuwa da murɗewar tumbi, ciwon da kan kashe cikin ƴan awoyi. A bar shi ya huce, sannan a raba abincinsa biyu, kaso mai kauri ya faɗo bayan isha'i. Ciki mai nauyi ya fi jure tsawon dare. Kafin a rufe zaure kuma a fitar da shi ya yi bawali na ƙarshe.

Sai sanyi, wanda mutane suka fi mantawa. Karen Buzaye ba shi da kitse, gashinsa gajere ne, cikinsa kusan fata ce tsirara. A watan Disamba da Janairu, lokacin da iska ke busowa daga arewa maso gabas, sanyin dare a ƙasar Damagaram kan sauko wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, kuma a ƙarshen dare ya fi tsanani, daidai lokacin kukan. A daji karen kan tona rami ya dunƙule a ciki, ko ya matsu da ƴan'uwansa. A kan daɓen siminti ba shi da ko ɗaya. Wanda ya haska tocila ya gan shi ya naɗe kamar gammo, hanci a ƙarƙashin wutsiya, cinya na rawa, ya samu amsarsa. Tsofaffin buhuna biyu a shimfiɗe, da wani a rataye ya tare iska, a lungun da ba ya kallon gabas, sukan yi abin da horon mako uku bai yi ba. Lungun in ya yi duhu ya fi, tunda hasken alfijir ma na tayar da shi.

Akwai kuma kaɗaici. Bature kan warware kaɗaicin sabon kare ta hanyar shigar da shi ɗakin kwana. A Matameye wannan ba za ta saɓu ba. Addini ya yarda da riƙe kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, amma al'ada ta tsayar da shi a waje. Abin da ya rage shi ne a kusantar da makwancinsa inda zai riƙa jin numfashin gida, a kuma jefa masa tsohuwar rigar maigida da ba a wanke ba. Karen da bai taɓa kwana shi kaɗai ba, warin wanda ya fara sabawa da shi kan kwantar masa da hankali.

Idan an yi duk wannan mako uku ba canji, a dubi lafiyarsa. Kaska a cikin kunne da tsakanin yatsu, ƙuma, tsutsar ciki da ke sa yunwa ba ƙoshi, yawan bawali, duk suna hana kwanciya. Dama sabon kare hakkinsa ne a kai shi wurin likitan dabbobi tun makon farko a yi masa allurar rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, yara kuma na da babban kaso a ciki. Karen da halinsa ya juye farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon abin da ya samu, ba batun horo ba ne: a killace shi, kada a taɓa, a kira likita. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Akwai kuma muryar da bai kamata a kashe ba. Kukan roƙo siriri ne, yana hawa yana sauka, karen na fuskantar ƙofar ɗaki, yana yi yana saurarawa ya ji ko an motsa. Haushin gadi daga ƙirji yake fitowa, a jere, karen ya ba ɗaki baya, ya kafa ido ga danga ko turken awaki, gashin ƙeyarsa a tsaye. Na farko ake yi wa kunnen uwar shegu. Na biyu kuwa, ko ƙarfe uku ne, maigida ya ɗauki tocila da sanda ya fito, ya zagaya garken, in ya ga ba komai ya ce wa karen ya isa, ya koma ɗaki hannunsa ba ƙanzo.