Kiɗa daban, rawa daban: matsalar tsofaffin wasannin kwamfuta a ƙananan na'urorin hannu

A shekara ta 1990 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Lucasfilm Games ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira The Secret of Monkey Island, labarin wani saurayi, Guybrush Threepwood, wanda ya sauka a wani tsibiri da burin zama ɗan fashin teku. Irin wannan wasa ba na harbe-harbe ba ne. Mai yinsa yakan zagaya gari, ya yi magana da mutane, ya tsinci kaya, ya warware wasa ƙwaƙwalwa, kuma kowane wuri da kiɗansa. To yau, fiye da shekaru 30 bayan haka, masu sha'awa suna ɗora shi a kan wayar salula ko ƙananan na'urorin wasa na hannu, sai su tarar hoto lafiya lau, amma kiɗa ya rikice: a shiga wannan wuri a ji taken wancan, wani wurin kuma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Abin da ya sa waɗannan wasanni suke raye har yanzu shi ne wata manhaja ta kyauta mai suna ScummVM, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Ludvig Strigeus, ya soma rubutawa a 2001. Aikinta shi ne ta karanta ainihin kayan wasan na da, ta tafiyar da su a kan na'urar da ba a ma ƙirƙiro ta ba lokacin da aka yi wasan. Da ita aka kai su kan GP32 na Koriya, da PSP na Sony, da Nintendo DS, da wayoyin Android. Sau da yawa ita ake ɗora wa laifin rikicewar kiɗa, alhali kuwa laifin yana wani wuri.

Tushen matsalar yana cikin faifan CD. A 1992 an sake fitar da Monkey Island a kan CD, kuma faifan nan kaya iri biyu ya ɗauko. Layi na 1 bayanan wasa ne, waɗanda kwamfuta kaɗai take ganewa. Daga layi na 2 zuwa ƙarshe kiɗa ne zalla, irin wanda ko a rediyo mai CD aka sa faifan zai tashi. A wancan zamani wasan yakan umurci mazubin faifai ya kunna layi kaza, shi ke nan. Na'urar hannu kuwa ba ta da mazubin faifai, don haka tilas mai faifan ya kwafe kiɗan a kwamfuta, ya mai da kowane layi fayil guda, ya zuba su a katin ajiya wuri ɗaya da sauran kayan wasan.

A nan ake yin tuntuɓe. Manhajojin kwafar faifai suna bin lissafin faifan, wato kiɗan farko su sa masa lamba 2, tun da layi na 1 ba kiɗa ba ne. ScummVM kuwa kiɗa kawai take ƙirgawa, saboda haka kiɗan farko a wurinta sunansa track1. Idan wasa ya nemi lamba 1, babu shi, sai shiru. Idan ya nemi lamba 2, sai a miƙa masa wanda ya kamata ya zama na 1. Haka kowane kiɗa zai yi ta zuwa da taki ɗaya a baya har ƙarshen wasa, kamar ɗinkin rigar da aka kuskure maɓalli na farko.

Gyaran ba ya cin ko dala. A rage ɗaya daga kowace lamba: 2 ta koma 1, 3 ta koma 2, har a kai ƙarshe. Sai dai a soma daga ƙarama, domin wanda ya faro daga sama zai tarar sunan da yake so ya bayar yana kan wani fayil. Akwai kuma tarkon da yake kama masu gaggawa, waɗanda suke sa kwamfuta ta canza sunayen duka a lokaci guda. Wasu manhajoji suna jera suna bisa haruffa, su sa 10 da 11 gaban 2, kuma idan aka sake lamba a kan wannan jeri, ɓarnar ta wuce ta farko, don yanzu ba taki ɗaya ba ne, cakuɗewa ce. Wanda ya faɗa cikin wannan, ya fi masa sauƙi ya koma ga faifan ya sake kwafa.

Wasan Loom, wanda shi ma ya fito a 1990 kuma aka ɗauko kiɗansa daga aikin mawaƙin Rasha Tchaikovsky, nasa ciwon daban ne. A faifansa na CD an haɗa muryoyin ƴan wasa da kiɗa cikin dogon layi guda, wasan kuma yakan nemi wuri kaza a cikinsa da ma'aunin faifai, wanda ya raba daƙiƙa ɗaya kashi 75. Idan wajen kwafa an ƙara ɗan shiru a farko, ko an yanke, sai kowace magana ta soma a tsakiyar kalma ko ta ɗauko wutsiyar ta baya. Tsarin MP3 yana da halin ƙara irin wannan ɗan shiru, shi ya sa masu kula suka fi son FLAC, wanda ba ya taɓa sautin, ko da yake ya fi cin wuri a kati, kuma ba kowace ƙaramar na'ura take karanta shi ba. Masu ScummVM sun sa wani ma'auni a zaɓuɓɓukan wasan da ake matsawa gaba ko baya har magana ta daidaita da baki.

Wasannin da suka zo a kan ƙananan faifai na maganaɗisu ba su da wannan lissafi, domin ba kiɗa aka ɗauka a cikinsu ba, umurni ne ga na'urar sauti ta kaɗa. Amma su ma idan an rubuta kiɗan domin Roland MT-32 ta 1987 aka tura shi ga wani tsarin, sai waƙa ta fito daidai da kayan kiɗan da ba nata ba. A na'ura marar ƙarfi zaɓin AdLib ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya sa maganar ta wuce wasan yara shi ne faifan da kansa. Kwamfutocin da ake sayarwa yanzu yawancinsu ba su da mazubin CD, faifan 1992 kuma yana tsufa, zafi da ƙura da ƙarzuwa suna cinsa. Bayanan wasa ana iya kwafe su da jan linzami kawai, shi ya sa mutane da yawa suka kwafe layi na 1 suka ɗauka sun gama, suka yar da faifan. Kiɗan Michael Land da abokan aikinsa bai biyo su ba, domin kwamfuta ba ta nuna shi cikin jerin fayil. Wanda faifansa yake hannunsa har yau, ya kamata ya kwafe layukan kiɗan da FLAC, ya ajiye wannan kwafi a matsayin uwa, sannan daga gare shi ya riƙa fitar da ƙananan kwafi domin na'urar hannu.