Mashawarci Daga Ƙasar Waje: Mene Ne Aikinsa, Yaya Kuma Za Mu Karɓe Shi?

Manoman ƙasar Gaya da Ajingi sun saba ganin baƙi suna zuwa cikin mota tare da malamin gona, su zagaya gonaki, su yi tambayoyi, su rubuta a littafi, sa'an nan su tafi. Waɗansu Turawa ne, waɗansu Indiyawa, waɗansu kuwa daga ƙasashen Afirka suke. Da yawa cikinsu mashawarta ne, watau ƙwararrun da gwamnati ko wata ƙungiyar taimako takan yi hayarsu na ɗan lokaci don su duba wani aiki su ba da shawara. Abin da irin wannan baƙo ya rubuta yakan zama dalilin da za a ba wata jam'iyyar gama kai rance, ko injin ban ruwa, ko kuwa a hana ta. Saboda haka ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya san aikinsa.

Yadda suka fara zuwa

Bayan farin 1973, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, gwamnati ta nemi hanyar farfaɗo da noma a Arewa. A 1975 aka buɗe manyan ayyukan gona a Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Daga 1982 aka yi irinsa a dukan Jihar Kano a ƙarƙashin hukumar KNARDA, wadda ɗaya daga cikin ofisoshin shiyyarta yake a Gaya. Da yake kuɗin rance ne, aka ɗauko ƙwararru daga ƙasashen waje don su tsara aikin, su lura da kuɗi, su kuma horar da ma'aikata 'yan ƙasa. Hanyoyin karkara, da rijiyoyin burtsatse, da ƙananan rijiyoyin bututu na fadama da injunansu, duk a zamanin nan suka yaɗu.

Ayyukansa

Na farko, yakan karɓi takardar sharuɗɗan aiki daga wanda ya yi hayarsa. A ciki an rubuta abin da zai bincika, da kwanakin da zai yi, da ranar da zai miƙa rahoto. Ba shi da ikon wuce abin da ke ciki. In an aiko shi duba rumbunan ajiya, ba zai iya yi muku alkawarin taki ba.

Na biyu, bincike. Yakan karanta rahotannin da aka yi a baya, ya gana da ma'aikata, kāna ya fita ƙauyuka ya ga ƙasa da ruwa da amfanin gona da kasuwa da idonsa.

Na uku, lissafi. Yakan auna abin da aiki zai ci da abin da zai kawo. Misali, in za a ba jam'iyya injin ban ruwa, tilas ya haɗa kuɗin injin, da mai, da gyara, da iri, da ƙwadago, ya gwada su da abin da za a samu in an sayar da tumatir ko albasa a lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi.

Na huɗu, koyarwa. Akan haɗa shi da abokin aiki ɗan ƙasa domin in ya koma gida a sami wanda zai ci gaba.

Na biyar, rahoto. Nan yake rubuta abin da ya gani da shawararsa. Ku lura da wannan da kyau: shi mai ba da shawara ne kawai. Masu kuɗi da hukuma su ke yanke hukunci, amma galibi bisa rahotonsa suke dogara.

Halayen mashawarci na kirki

Ilimin sana'arsa shi ne farko, ko na ƙasa, ko na ruwa, ko na dabbobi, ko na lissafin kuɗi. Amma ilimi kaɗai bai isa ba, gama da ɗan gari akan ci gari. Sai ya iya sauraro, ya iya aiki da tafinta, ya yi haƙuri, ya kuma girmama dagaci da masu unguwa da dattawa. Wanda ya zo da rani kaɗai bai ga ƙarancin hannu na lokacin noman fari ba. Wanda ya tsaya a bakin kwalta bai ga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ba. Wanda ya yi magana da maza kaɗai bai ji labarin tumaki da awaki da man gyaɗa ba, waɗanda yawancinsu a hannun mata suke.

Ga misalin wanda ya saurara. Daga tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin gona mai suna David Norman ya yi aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A lokacin ana koya wa manoma su shuka abu guda a gona guda. Shi da abokan aikinsa suka bi manoma a ƙauyukan Zariya, suna rubuta aikinsu da girbinsu shekara da shekara. Suka tarar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya yana ba manomi riba fiye da shuka abu guda, yana kuma rage masa hasara in ruwa ya yi gardama. Binciken nan ya sa masana da yawa suka sake tunani a kan dabarun manoman Hausa.

Ga kuma misalin dabarar da aka gwada tare da manoma kafin a yaɗa ta. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, sun daɗe suna gwada ajiyar wake cikin buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure bakinsa sosai iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Daga 2007 aka yaɗa shi da sunan buhun PICS, ana zuba wake a gaban jama'a, a buɗe bayan watanni kowa ya gani. Gani ya kori ji.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba kowace shawarar waje ce ta zauna ba. Tsarin horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya tsara, Bankin Duniya kuma ya yaɗa shi a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, ya ce a horar da malamin gona kowane mako biyu, shi kuma ya ziyarci zaɓaɓɓun manoma a rana tsayayya. Tsarin ya yi aiki muddin akwai kuɗin babura da mai da alawus. Da rance ya ƙare, ziyara ta ragu, daga baya bankin da kansa ya daina goyon bayansa.

Mafi muni shi ne na Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka gama madatsar ruwa a 1978. An auna ruwa da ƙasa, amma ba a daidaita maganar gonakin mutane da diyyarsu ba. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta, mutane da yawa suka mutu. A nan kusa kuma, madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta kawo noman rani a wajen Kura da Kadawa, amma ta canza yadda Kogin Haɗeja yake cika fadamun da ke ƙasa da ita. Duk wanda ya duba inda ruwa zai je, tilas ya duba inda zai bari.

Abin da jam'iyya za ta yi

1. Ku tambaye shi da ladabi: wa ya aiko ka, me aka ce ka duba, wa zai karanta rahotonka? Matambayi ba ya ɓata.

2. Ku shirya littattafanku. Magatakarda ya kawo sunayen 'yan jam'iyya, ma'aji ya kawo lissafin shiga da fita da na bashin da aka biya. Jam'iyyar da take da rubutu maganarta ta fi nauyi.

3. Ku faɗi gaskiya. In kun rage yawan girbi don a ji tausayinku, za a ce ba za ku iya biyan rance ba. In kun ƙara, za a ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku.

4. Ku kai shi gona mai kyau da wadda wuta-wuta ta cinye. Ku bar mata da matasa da makiyaya maƙwabtanku su yi magana da bakinsu.

5. In ya kawo sabon iri ko sabuwar dabara, ku gwada a ɗan yanki tukuna, kusa da irin naku na gida, ku auna girbin kowanne da mudu ɗaya.

6. Ku tambayi abin da zai faru bayan aikin ya ƙare. Ina za a sami kayan gyara, a Gaya ko Wudil ko sai Kano? Wa zai biya mai? Kyauta ce ko rance, kuma nawa ne ruwansa?

7. Kada shugaba ya sa hannu a kan kowace takarda da ta shafi gona ko bashi sai an karanta ta da Hausa a gaban taro.

8. Ku roƙi a dawo a gaya muku abin da aka rubuta a kanku, ko ta bakin malamin gona.

Baƙon zai yi kwanakinsa ya koma ƙasarsu, bashin da gonar kuwa naku ne. Don haka a taronku na gaba ku karanta waɗannan shawarwari takwas, ku zaɓi mutum uku, har da mace, waɗanda za su riƙa tarbar irin waɗannan baƙi, magatakarda kuma ya rubuta sunan kowane baƙo da ranar zuwansa da abin da ya faɗa.