Kafin Mu Kai Yara Filin Wasanni na Disney

An buɗe Walt Disney World a jihar Florida ta Amurka a 1971. Manyan filaye huɗu ne, kwana ɗaya ba ya isa. Mu masu 'ya'ya da yawa, sai mu zauna mu yi lissafi tukuna. Wanda bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, amma daga shekara 10 kuɗin babba ne. Mu auna tsayin ƙanana tun a gida, gama akwai lilon da ba a barin gajeren yaro ya hau. Mu damƙa kowane ƙarami a hannun wansa ko yarsa, mu kuma nuna musu inda za a haɗu idan wani ya ɓace cikin taro.