BABI NA UKU: ƘORAFIN MASU AMFANI DA KWAMFUTA DA YADDA YAKE KAWO GYARA A ƘANANAN MANHAJOJI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan shigowar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, cikin harkar rubutu da ɗab'i. A wannan babi kuwa za a dubi hanyar da koken masu amfani da na'urar yake bi har ya isa ga waɗanda suka ƙirƙiri manhajojinta. An taƙaita nazarin a kan ƙananan manhajoji na kwamfutar kan tebur, irin waɗanda ake ɗan rubutu ko lissafi ko zane da su. An ɗauki Notepad ta kamfanin Microsoft a matsayin misali, domin tana cikin Windows tun shekarar 1985, kuma wasu daga cikin matsalolinta sun shafi rubutun Hausa kai tsaye.

3.1 Ire-iren Saƙonnin Masu Amfani

Za a iya kasa saƙonnin da masu amfani da manhaja suke aikawa gida uku. Na farko shi ne rahoton tangarɗa, wato bayanin cewa manhaja ta yi abin da ba shi aka gina ta ta yi ba, kamar ta rufe kanta ana cikin aiki ko ta ɓata rubutu. Na biyu shi ne shawarar ƙari, inda manhajar ba ta yi laifi ba, amma mai amfani yana son a ƙara mata wani aiki. Na uku kuwa shi ne ra'ayi, wanda ya ƙunshi yabo ko suka ba tare da an nemi wani gyara takamaimai ba.

Turawa suna kiran tangarɗar na'ura da sunan ƙwaro. An fi danganta wannan suna da abin da ya faru ranar 9 ga Satumba, 1947, lokacin da ma'aikata suka ciro wani ƙwaro mai fiffike daga cikin na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard a Amurka, suka manna shi a littafin aikinsu. Sai dai kalmar ta girmi wannan rana, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita da wannan ma'ana tun 1878. Abin lura a nan shi ne ma'aikatan sun rubuta lokaci da wurin da aka sami matsalar, kuma suka ajiye shaida. Waɗannan abubuwa har yanzu su ne ginshiƙin rahoto.

3.2 Hanyoyin Isar da Ƙorafi

A farkon zamanin kwamfutar kan tebur, wasiƙa da wayar tarho su ne manyan hanyoyin kai kuka. Bayan yaɗuwar intanet sai aka sami rumbunan tattara rahoto. Fitacce daga cikinsu shi ne Bugzilla, wanda Terry Weissman ya rubuta wa aikin Mozilla a 1998. A irin wannan rumbu kowane rahoto yana samun lamba, a ɗora wa wani alhakinsa, a haɗe shi da masu kama da shi, kuma yana nan a buɗe har sai an gyara ko an bayyana dalilin ƙin gyarawa.

Hanya ta gaba ita ce wadda na'urar take kai ƙarar kanta. Daga Windows XP ta 2001, idan manhaja ta rushe, na'urar takan nemi izinin aika bayanin abin da ya faru zuwa kamfani. A 2002 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya bayyana cewa rahotannin sun nuna kimanin kashi 20 cikin 100 na kurakuran manhaja su ne ke haddasa kashi 80 cikin 100 na matsalolin da ake fuskanta, kuma kashi 1 cikin 100 kacal shi ke haddasa rabinsu. Wannan ya sa kamfanoni suke fara gyara abin da ya fi yawan masu kuka.

Amma wannan hanya tana da iyaka. Na'ura tana sanin ta rushe, ba ta kuwa sanin ta sauya ma'anar kalma. Idan lanƙwasar harafi ta ɓace, a wurin na'ura babu abin da ya faru, saboda haka babu rahoton da za ta aika. Irin wannan matsala sai mutum ya zauna ya rubuta da kansa. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3.3 Misalai Daga Notepad

Misali na farko ya bayyana a 2004. An lura cewa idan aka rubuta jimlar Ingilishi "Bush hid the facts", ma'ana Bush ya ɓoye gaskiya, aka adana, sannan aka sake buɗewa, sai rubutun ya rikiɗe ya koma baƙaƙen Sinanci ko akwatuna. Wasu sun ɗauka da gangan aka yi haka don siyasa. Da aka gwada wasu jimlolin masu irin wannan tsawo da jerin haruffa, waɗanda ba su da alaƙa da siyasa, sai su ma suka rikiɗe. Ashe manhajar tana yin hasashen tsarin da aka adana rubutu da shi ne, a nan kuma hasashen ya kuskure. An sauya wannan dabara a Notepad ta Windows Vista. Darasin shi ne, tangarɗar da kowa zai iya maimaitawa da hannunsa ba ta da wuyar ganowa.

Misali na biyu shi ne na ƙarshen layi. Windows tana amfani da alamomi biyu ɓoyayyu wajen nuna an gama layi, abin da ta gada daga tsofaffin keken rubutu, inda ake mayar da kan keke farkon layi sannan a tura takarda sama. Tsarin Unix kuwa alama ɗaya yake amfani da ita. Saboda haka idan aka buɗe rubutun Unix a Notepad, sai dukkan layuka su haɗe su zama ɗaya. An daɗe ana kuka da wannan, amma sai a 2018 aka gyara, wato shekara 33 bayan fitowar Windows. A tsawon wannan jira mutane da yawa sun koma ga wasu manhajojin, kamar Notepad++ wadda Don Ho ya fitar kyauta a 2003.

3.4 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Misali na uku shi ya fi shafar wannan nazari. A rubutun boko na Hausa akwai ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya take rubuta 'y. Tsarin ASCII mai gurabe 128 da tsarin Windows na Yammacin Turai mai gurabe 256 duk ba su tanadi waɗannan haruffa ba. Rashinsu kuwa yana taɓa ma'ana, kamar yadda ake gani a waɗannan kalmomi:

ƙura da kura
baƙi da baki
ɓari da bari
ɗaka da daka

A shekarun 1990 an yi ƙoƙarin magance matsalar ta hanyar ƙera haruffa na musamman, kamar samfuran Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano. Sun taimaka ƙwarai wajen ɗab'i. Raunin irin wannan dabara shi ne ana aron gurbin wata alama ne a zuba harafin Hausa, don haka idan aka kai rubutun kwamfutar da ba ta da samfurin, sai alamar asali ta dawo.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa lambarsa ta dindindin. Duk da haka Notepad ta ci gaba da adana rubutu da tsohon tsari, sai in mutum ya zaɓi wani da kansa. Takan yi gargaɗi da Ingilishi, wanda kuwa ya wuce gargaɗin yakan tarar da alamar tambaya a gurbin ƙ ɗinsa. Sai a 2019 aka mayar da UTF-8 tsarin da take adanawa da shi kai tsaye. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne UTF-8 ya riga ya mamaye intanet, kuma masu gina shafuka sun yi ta nema. Hausa ta ci moriyar kukan da wasu suka yi ke nan.

3.5 Siffofin Rahoto Mai Amfani

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da abubuwan da rahoto yake buƙata:

(a) sunan manhaja da lambar fitowarta da irin Windows ɗin da ake amfani da ita;
(b) matakan da aka bi, ɗaya bayan ɗaya;
(c) abin da aka sa ran gani;
(d) abin da aka gani a zahiri, tare da hoto in da hali;
(e) matsala ɗaya tak a kowane rahoto.

Wanda ya rubuta cewa manhaja tana lalata Hausa ya faɗi gaskiya, amma bai ba mai gyara abin kamawa ba, musamman da yake mai gyaran ba lalle ne ya san Hausa ba. Wanda ya ce ya rubuta "ƙura", ya adana, ya buɗe ya ga "?ura", kuma ya bayyana cewa harafin farko shi ne mai lamba U+0199, ya nuna wa mai gyara ainihin inda ciwon yake. Haka ma shawarar ƙari, tana buƙatar a faɗi aikin da ake son yi da abin da ya hana. Alal misali, manhajojin da suke gyara alamar zance da kansu sukan juya alamar da ke farkon kalmar 'yan ta fuskanci wani ɓangaren, domin sun ɗauka buɗe zance ne. Idan ba a bayyana cewa a Hausa wannan alama ɓangaren harafi ce ba, mai gyara ba zai ga laifi a ciki ba.

Bugu da ƙari, a Windows 10 da 11 akwai manhajar Feedback Hub, inda mutane suke goyon bayan ƙorafin da wani ya riga ya shigar. Tun da ƙidaya ake yi, rahoto ɗaya da mutane da yawa suka mara wa baya ya fi rahotanni barkatai tasiri.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna ire-iren saƙonnin masu amfani da manhaja da hanyoyin isar da su, an kuma kawo misalai uku daga Notepad. An ga cewa ana gyara matsala ne idan za a iya maimaita ta kuma masu kuka da ita suna da yawa, sannan matsalolin harshe ba sa cikin waɗanda na'ura take kai rahotonsu da kanta. Saboda haka nauyin bayyana su yana kan marubuta da malamai da maɗaba'u da sassan koyar da Hausa. A babi na gaba za a dubi kalmomin da ake amfani da su wajen fassara umarnin kwamfuta zuwa Hausa.