Gano Sankarar Huhu Tun Tana Ƙarama

Sankarar huhu cuta ce mai ɓoye kanta, galibi ba ta bayyana sai ta riga ta bazu. Saboda haka masana suka tsara duba mashaya taba tun kafin alamu su fito.

A shekarar 2011 wani bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 53,000, ya nuna cewa hoton na'urar CT mai sassaucin haske ya rage mace-macen wannan cuta da kashi 20 cikin 100, in an kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum.

Amma sayen na'ura kaɗai ba ya wadatar da ƙaramin asibiti. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hotunan da suka ta da hankali a binciken ba sankara ba ce, kuma a ƙasashenmu tabon tarin fuka yana iya ƙara ruɗani. Lalle ne asibiti ya tanadi ƙwararren mai karanta hoto, da rajistar bibiyar waɗanda aka duba, da hanyar tura su babban asibiti. In babu waɗannan, fargaba da tiyata maras dalili za a girba.