Gwangwanin tsiro: yadda doka da lanho suka shigar da dafa giya cikin gidajen Turawa

A kantunan Ingila, da Amurka, da Ostiraliya, akwai wani gwangwani da ake saidawa wanda nauyinsa bai cika kilo 2 ba. In an buɗe shi sai a tarar da wani abu mai kauri da danƙo, kamar maɗi ko baƙar zuma, tare da ƴar takardar yis a ƙarƙashin murfi. Da wanga gwangwani, da kilo guda na sukari, da ruwan famfo, magidanci yakan samu lita 23 ta giya cikin ɗakin girkinsa, ba tare da ya taka mashaya ba. Mafi yawan masu karatun wanga shafi Musulmi ne, addininsu ya haramta musu barasa, amma tarihin gwangwanin ga ya cancanci a san shi, domin labari ne na yadda hukuma da talakawanta suke ja-in-ja kan doka da haraji, kuma ƙarshensa yana taɓa dawar da ake nomawa a ƙasashenmu.

Abin da ke cikin gwangwani

Duk macen da ta taɓa yin kunun zaƙi da tsiro ta san asirin abin. Idan aka jiƙa hatsi ya fara tsira, sai wani sinadari ya motsa a cikin ƙwayar, wanda yake mai da garin hatsi ya koma sukari. Turawa da sha'ir suke yi. A masana'anta ana jiƙa shi kamar kwana 2, a baza shi ya tsira kwana 4 ko 5, a busar da shi da iska mai zafi, a ɓarza. Sannan a zuba ɓarzon cikin ruwa mai zafin digiri 65, a bar shi har zaƙi ya fito, a tace. Ruwan da aka tace ana tafasa shi da furen wata ciyawa mai ɗaci wadda Faransawa ke kira hublon, daga nan a janye mafi yawan ruwan har ya yi kauri, a ɗura cikin gwangwani.

Wato ke nan duk aikin wahala an gama shi a masana'anta. Abin da ya rage wa mai saye shi ne narkar da maɗin, da barbaɗa yis, da jira. Yis wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cin sukari suna fitar da barasa da iska. Cikin mako guda bokitin yakan daina kumfa, sai a ɗura cikin kwalabe, a ajiye su mako 2 ko fiye. Yis ɗin gwangwani yana son zafi tsakanin digiri 18 da 24, abin da ba a samu a Maradi ko Tawa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuma aikin yana da nasa haɗari: in bokiti bai wanku ba, abin ya yi tsami ya lalace, in an yi gaggawar ɗurawa tun yis bai gama cin sukari ba, iska ta taru kwalba ta fashe.

Hani ne ya haife shi

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Cinikin maɗin tsiro ya bunƙasa ne a Amurka lokacin da gwamnati ta haramta yin barasa da saida ta a faɗin ƙasa, daga watan Janairu 1920 zuwa watan Disamba 1933. Manyan masana'antun giya, irin su Pabst da Anheuser-Busch, da suka ga an rufe musu ƙofa, sai suka koma saida maɗin tsiro cikin gwangwani. A hukumance abinci ne, na yin burodi da kayan zaƙi. Amma kowa ya san inda mafi yawansa yake zuwa: ƙarƙashin gidaje, cikin tuluna da bokitai. Doka ta hana giya, ba ta hana sukarin sha'ir ba, ba ta kuma hana yis ba, kuma babu ƴan sandan da za su isa su leƙa kowace madafa.

Da aka ɗage hanin a 1933, doka ta yarda magidanci ya yi giyar inabi don gidansa, amma ba ta ambaci ta sha'ir ba. Haka abin ya zauna shekara 45, masu yi suna yi a ɓoye. Sai ran 14 ga watan Oktoba 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta abin, ta fara aiki a watan Fabrairu 1979. Ta yarda wa baligi guda galan 100 a shekara, kimanin lita 380, gidan da ke da baligai biyu ko fiye kuwa galan 200, bisa sharaɗin ba za a saida ko kwalba ɗaya ba. Duk da haka kowace jiha tana da tata magana: jihohin Alabama da Misisipi ba su amince ba sai a 2013.

Maganar lanho

A Ingila ba hani ne ya tura mutane madafa ba, tsada ce. Giyar mashaya tana ɗauke da haraji mai nauyi, kuma tun 1880 duk mai son dafa tasa a gida sai ya yanki lasisi. A watan Afrilu 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin. Nan da nan kamfanonin tsiro, irin su Muntons da Edme, suka shiga haɗa gwangwanaye, har kantunan magani na Boots suka riƙa saida su. A shekarun 1970, da rayuwa ta yi tsada, ma'aikata da ƴan fansho da yawa sun koma ga bokitin roba, domin abin da suke dafawa ba ya biyan harajin barasa. Giyar wancan zamani ba ta yi suna wajen daɗi ba; araha ce ta saida ta.

A Ostiraliya, kafin gwamnatin Gough Whitlam da ta hau mulki a ƙarshen 1972, doka ba ta yarda a dafa abin da ƙarfinsa ya wuce kashi 1 cikin 100 a gida ba. Bayan da aka sassauta, wata masana'antar birnin Adelaide mai suna Coopers, wadda aka kafa tun 1862, ta rungumi cinikin gwangwani, har ta zama wadda ta fi kowa saida shi a duniya.

Kowace ƙasa da inda ta ja layinta. A Jamus an daɗe ana yafe wa mai dafawa harajin lita 200 a shekara, amma sai ya sanar da ma'aikatan duwan. A 2025 aka ɗaga adadin zuwa lita 500. A Japan har yau haramun ne a dafa abin da ya wuce kashi 1 cikin 100, alhali gwangwanayen suna nan cikin kantuna, da gargaɗi a rubuce jikinsu. Sharaɗin da kusan duka ƙasashen suka haɗu a kansa shi ne hana saidawa. Baitulmali yana iya kau da kai daga abin da mutum ya sha a gidansa, amma da zarar kuɗi ya shiga tsakani sai ya nemi rabonsa.

Daga bokiti zuwa masana'anta

Abin da hukumomi ba su yi tsammani ba shi ne sana'ar da za ta fito daga wannan sassauci. A 1978 wani malamin makaranta, Charlie Papazian, ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a garin Boulder na jihar Kolorado. Wani kuma, Ken Grossman, wanda ya fara da kantin saida kayan dafawa a garin Chico na Kaliforniya, ya buɗe masana'antar Sierra Nevada a 1980. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba. A farkon shekarun 2020 sun haura 9.000, kuma da yawa daga masu su da bokiti da gwangwani suka koyi aikin. Har a fadar shugaban Amurka, a 2011, zamanin Barack Obama, masu girki sun dafa giya da maɗin tsiro da zumar amyar fadar. Harajin da gwamnati ta yafe wa magidanta ya komo mata ta hannun dubban ƙananan masana'antu masu biyan lanho da albashi.

Wannan riba tana da nata bashi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2,6, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake sha a duniya ba ya shiga lissafin hukuma. Shi ya sa ƙasashen da suka halatta dafa giya, irin su Amurka da Ingila, ba su halatta tace barasa mai ƙarfi a gida ba sai da lasisi. Niyu Zilan, wadda ta yarda da haka a 1996, tana cikin ƴan ƙalilan da suka saɓa.

Inda labarin ya taɓa dawa

A yammacin Afirka dafa giya a gida bai jira gwangwani ba. Burukutu a Najeriya, dolo a Burkina Faso, pito a Gana, bilbil a arewacin Kamaru, duka daga dawa ake yin su, kuma galibi aikin mata ne. Su ne masu jiƙawa, da shanya tsiro, da niƙa, da tsayuwa gaban manyan tukwane, wato duk matakan da Bature yake biyan masana'anta ta yi masa. Abin da suka dafa kuwa ba ya ajiyuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami.

An riga an gwada cewa dawa tana iya maye gurbin sha'ir a manyan injuna. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir cikin Najeriya don tsimin kuɗin waje. Dole masana'antu suka koma ga dawa da masara, suka koyi tsirar da su, kuma ko bayan da aka ɗage hanin ba su saki dawa ba. Ba giya kaɗai ake yi da tsiron ba: abubuwan sha marasa barasa irin su Maltina, waɗanda ake sha a wuraren biki da suna daga Kano har Damagaram, daga tsiron hatsi ake yin su, kuma maɗinsa yana shiga biskit, da alewa, da abincin yara.

Gwangwanin Ingila yana nuna inda kuɗin yake: kilo guda na maɗin tsiro ya ninka kilo guda na ɗanyen sha'ir sau da yawa a farashi, kuma bambancin yana shiga aljihun wanda ya jiƙa, ya busar, ya tace. Manomin Madarunfa ko na Magarya yana saida dawarsa da tiya a kasuwa, wani lokaci ta tsallaka iyaka a buhu, sannan abin sha na tsiro ya shigo masa cikin kwalba da tsada. Sanin tsirar da hatsi yana nan hannun matan ƙasar ga tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne jari, da wutar lantarki tsayayya, da ƴan kasuwar da za su kafa wurin sarrafa tsiron dawa don kunu, da abincin yara, da kayan gidan burodi.